Amsa kan hudar mangwaro da ke cunkushewa: wane iri ne ke jurewa?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce hudar mangwaronka na Ejura a ƙasar Gana tana fitowa a dunƙule, ba ta ƙulla 'ya'ya, kana neman irin da ciwon ba ya kamawa don ka sare na gonar ka sake dashe. Don Allah a ajiye gatarin tukuna.

A fara tabbatar da ciwon. Mai cunkushe huda ba ya ɓuya: sandar hudar ta gajarce ta yi kauri, furanni su yi yawa su matse kamar kan tsintsiya, galibinsu maza, shi ya sa babu ɗa. Kuma ba sa zuba, sai su bushe su yi baƙi su zauna a kan reshe wata da watanni. In kuwa hudar ta fito lafiya, daga baya ta yi ɗigon baƙi ta kakkaɓe bayan ruwan sama, wannan wata cuta ce daban, ana ce mata antaraknos. A shekarun da na yi ina zirga-zirga daga Kumasi zuwa gonakin Ejura da Kintampo, ita na fi cin karo da ita, kuma tana jin feshi.

Shi ciwon cunkushewar fumfuna ce ke kawo shi, ana ce mata Fusarium mangiferae, da wasu danginta. A Indiya aka fara ba da labarinsa a 1891, an kuma same shi a Masar, Afirka ta Kudu, Barazil, har da Senegal. Yakan fi tsanani inda ake sanyi lokacin huda.

Batun iri kuwa, gaskiya ba daɗi: Keitt da Kent da suka cika gonakinmu duk suna kamuwa, haka Haden da Tommy Atkins. Waɗanda suka yi suna wajen juriya su ne Bhadauran na Indiya da Zebda na Masar. To amma ko ka samo su, wa zai saya? Kamfanonin da ke sarrafa mangwaro da masu fitarwa waje Keitt da Kent suka sani. Ga shi kuma irin da ya jure a wata ƙasa yana iya gazawa a wata, tunda yanayi ya bambanta, fumfunar ma ba iri ɗaya ba ce. A ganina sare gona saboda wannan asara ce kawai.

Inda ya kamata ka sa ido shi ne aure, wato haɗa reshen wani itace a jikin dashe. Fumfunar a cikin idon reshe take zama, duk wanda ya yanko reshen aure daga itace mai ciwo ya raba wa mutane ke nan. Kada ka sayi dashe a bakin titi don arha, ka tambayi uwar da aka yanko reshen, in da hali ka je ka gan ta lokacin huda. Dashen da ganyensa ya fito ƙanana a cunkushe a kai, ka bar wa mai shi kayansa.

Na cikin gonarka kuma, duk hudar da ta dunƙule a datse ta, a haɗa da gaɓa uku na reshen da ke bayanta, a kwashe a ƙone. Yara sukan so su zubar a gindin itace, kada ka yarda. A riƙa tsoma almakashi a ruwan bilic kafin a koma wani itacen, a kuma maimaita duk kakar huda, don feshi kaɗai ba ya kai wa ga abin da ke cikin reshe. Kafin nan ka kai wa malamin gona na gundumarku huda ɗaya a leda ya duba, mu ma ka turo mana hotonta.