Gaisuwar Maori: Me Baƙo Zai Fara Riƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Niyu Zilan, kuma an ce mini a can akan buɗe taro da harshen Maori, wato harshen 'yan asalin ƙasar. Wace gaisuwa zan riƙe don kada in ji kunya?
Wata ɗaliba daga Samaru, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya sa a tafi a sa'a. Fara da "kia ora". Fatan lafiya ce, ana yin ta safe da yamma, kuma tana tsayawa a madadin na gode. Tun 1987 Maori ya zama harshen hukuma, shi ya sa za ki riƙa jin ta a rediyo, a kanti, har a bakin Turawan ƙasar.

Inda baƙi suke tuntuɓe shi ne gaisuwar girmamawa, domin sai kin ƙirga mutane kafin ki buɗe baki. Mutum ɗaya "tēnā koe", biyu "tēnā kōrua", uku zuwa sama "tēnā koutou". Mu a Zazzau dattijo ɗaya mukan ce masa "ku", to kada ki tafi da wannan can. Ko shugaban jami'a ne, muddin shi kaɗai kike gaisarwa, "koe" za ki ce. Wannan ɗan layi da ke kan wasali kuwa alamar jan sauti ce, kada ki gajarta shi. Harafin "wh" galibi kamar "f" ake furta shi.

Da safe "mōrena" ko "ata mārie", da dare "pō mārie". In aka ce miki "kei te pēhea koe?", lafiyarki ake tambaya, sai ki amsa "kei te pai".

Sallama ma tana da ƙa'ida. Mai tafiya ne ke ce wa na zaune "e noho rā", na zaune ya mayar da "haere rā". In kin rikice, "ka kite anō", wato sai mun sake haɗuwa, ta wadatar.

Ga wanda ke cikin jarrabawa ko baƙin ciki ana cewa "kia kaha", wato a ƙarfafa zuciya. Da ita jama'ar ƙasar suka yi ta jajanta wa Musulmi bayan harin masallatan Christchurch na 2019.

A bikin tarbar baƙi, pōwhiri, akan yi hongi, wato haɗa hanci da hanci. In ba za ki yi da namiji ba, ki sanar da mai masaukinki tun kafin a fara, kada sai an zo kanki a layi ki ja da baya.