Zauren Masu Karatu: Wasiƙunku daga Makka, Madina da Jidda

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Shari'a Mansur a Makka. 'Yata mai shekara 17 a nan aka haife ta, makarantar Larabci take yi, amma ta koyi karanta Hausar boko ta hanyar labaran soyayya da ƙawayenta suke turo mata a waya. Na leƙa wasu daga ciki, hankalina bai kwanta da su ba. In hana ta ne gaba ɗaya, ko akwai littattafan da za ka ba ni shawara in nemo mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce kada ki hana ta, domin yarinyar da ta tashi a Makka tana karatu da rubutu da Larabci, sannan ta zauna da kanta ta koyi karanta harshen iyayenta, ta yi abin da yawancin sa'o'inta ba su yi ba, kuma idan aka toshe mata wannan ƙofa da wuya ta sami wata da za ta sada ta da rubutacciyar Hausa. Duk da haka damuwarki tana bisa hanya. Yawancin labaran da ke yawo a waya kashi-kashi ake rubuta su, marubuciya ta saki shafi yau, ta jira ta ji abin da masu karatu za su ce kafin ta rubuta na gobe, babu edita a tsakani. Ta nan batsa take kutsowa, ta nan kuma ƙa'idar rubutu take lalacewa, har yarinya ta saba da haɗe kalmomin da ake rabawa da barin ƙugiya a kan haruffa. Akwai masu tsabta a cikinsu, amma sai an tona.

Ki fara mata da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, kuma ana ɗaukarsa ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Labarin Boɗaɗo ne, Bafillatanar da ta ƙallafa rai a kan Yasir, wanda danginta suke ganin bare ne. Ina ganin wannan zance ba baƙo ba ne a gidajen Hausawan Hijaz, inda ake yawan muhawara a kan ko za a ba da 'ya ga wanda ba ɗan gida ba. Littafin gajere ne, harshensa kuma mai sauƙi.

Bayan shi sai Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda a ganina ya fi duk sauran cancanta ki karanta shi tare da ita. Abu, yarinya ce da aka cire daga makaranta, ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari ya ce ba zai auri jahila ba, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma, wanda ya haife ta ya yi jika da ita, ta gudu birni, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Soyayya tana ciki, amma abin da ya riƙe labarin shi ne yadda mace take mallakar hankalin kanta. Marubuciyar da kanta an yi mata aure tana ƙarama ƙwarai, shi ya sa zafin da ke cikin rubutun ba na aro ba ne.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya yi suna fiye da waɗannan biyun, kuma ya cancanci sunan wajen daɗin zance da wasiƙun masoya. Sai dai akwai wurin da Sumayya, 'yar masu hali da ake so a raba ta da Muhammad talaka, ta faɗa rijiya saboda baƙin ciki, wurin da ya jawo wa littafin suka tun fitowarsa. Ki bar shi ya zama na uku, kuma idan ta iso wannan shafi ki tambaye ta ra'ayinta. Idan kuwa ta kawo miki Banatur Riyad na Raja'u as-Sani', wanda ya fito a 2005 ya tayar da ƙura a nan Saudiyya, to ni zan ce ta ɗan jinkirta shi, domin rayuwar 'yan matan masu kuɗi ta Riyad da yake kwatantawa tana buƙatar mai karatun da ya san bambancin abin da ake nunawa da abin da ake yabawa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina. Abokaina Misirawa suna ta ba ni labarin littattafan ƙagaggen kimiyya da suka karanta tun suna yara, na tafiya sararin samaniya da na zamanin da bai zo ba. Da suka tambaye ni ko akwai irinsu da Hausa sai na rasa amsa. Shin akwai?

Amsa: Akwai, ɗana, ko da yake ba su da yawa. Ka gaya musu cewa a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro mai suna Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya yi yawo da shi a sararin samaniya. Don yara da matasa aka rubuta shi, saboda haka kada ka je da tsammanin zurfin lissafi ko bayanin injuna. Darajarsa ita ce ya nuna cewa harshen Hausa yana iya ɗaukar irin wannan labari ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Dalilin ƙarancinsu, a nawa ganin, shi ne marubutanmu sun riga sun sami wata hanyar fita daga duniyar yau da kullum, wato aljanu da tsafi, tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam har zuwa littattafan yaƙi da jarumta da ake sayarwa a Kano. Marubucin da zai iya kiran aljani ya kai jaruminsa bangon duniya cikin ƙiftawar ido ba ya jin buƙatar ƙera masa jirgi. Ƙagaggen labarin kimiyya kuwa sharaɗinsa shi ne abin mamakin da ke ciki ya taso daga wani ilimi ko wata ƙira da hankali zai iya bin sawunta, ko da ba a kai ga yin ta ba tukuna.

Abin da abokanka suka karanta, ina kyautata zaton, jerin Milaffi al-Mustaƙbal ne na Nabil Faruƙ, wanda ya fara fitowa a 1984, ƙananan littattafai masu saurin karantuwa game da jami'in leƙen asirin kimiyya Nuruddin Mahmud da tawagarsa. Suna da amfani ga mai son ƙarfafa Larabcinsa na zamani, wanda littattafan nahawu ba sa koyarwa. Amma idan kana son abin da zai tsaya maka a rai, ka nemi Yutobiya na Ahmad Khalid Taufiƙ, likitan nan na birnin Ɗanɗa a Masar da ya rasu a 2018. Ya buga shi a 2008, ya sanya labarin a 2023: masu kuɗin Masar sun killace kansu a wani birni mai katanga a gaɓar teku, tsofaffin sojojin Amurka suna gadinsu, 'ya'yansu kuma saboda gundura suna fita farautar talakawa. Littafi ne mai ɗaci, akwai kuma wuraren da za su yi wa ɗalibin shari'a nauyi, na faɗa maka tun da wuri. A nan gida Saudiyya kuma akwai Haujan na Ibrahim Abbas, na 2013, labarin aljanin da ke zaune a wani gida a Jidda ya kamu da son Sausan, ɗalibar likitanci, wanda fim ɗinsa ya buɗe bikin finafinai na Bahar Maliya a Jidda a 2023. Ana yawan jera shi cikin littattafan kimiyya, amma Bahaushen da ya karanta shi zai ga ya fi kusa da labaran aljanun da ya saba da su.

Tambaya: Ina ake samun waɗannan littattafai a nan? Daga wata mai karatu a unguwar Sabil, Jidda.

Amsa: Malama, na Larabci ki duba kantunan Jarir, ko ki jira bajekolin littattafai na Jidda da ake yi a ƙarshen shekara, inda mawallafan Alƙahira da Bairut suke zuwa da kayansu. Na Hausa kuwa hanyar da ta fi sauƙi ita ce ki ba ɗan'uwa mai zuwa Umra saƙo ya sayo miki a Kano ko Zariya, ki rubuta masa sunan littafi da na marubuci, ki kuma ja kunnensa ya tambaya ko littafin yana da kashi na biyu, domin da yawa daga littattafan Kano kashi-kashi ake buga su.

Tambaya: Gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Jidda, na haura shekara 50. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Sudan, ya yi shekaru a hanya kafin ya iso Makka, mahaifina kuma, wanda Allah ya ja kwanansa har yau, a hanyar aka haife shi. Ina son littafin labari da zai nuna mini yadda wannan tafiya da wannan zamani suke.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zan ba ka littattafai huɗu, kowanne yana riƙe da wani yanki na abin da kake nema.

Na farko shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934, tun marubucin yana malamin makaranta, shekaru da dama kafin ya zama Firayim Minista. Hanyar da ke cikinsa ta hamada ce zuwa arewa, ba ta gabas da kakanka ya bi ba, amma zamanin bai yi nisa da nasa ba, kuma haɗarin iri ɗaya ne: an sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi ilimi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa, ita ma aka mayar da ita baiwa a hanya. Abin da nake yabawa a littafin shi ne sanyin muryarsa. Ba ya kururuwa a kan bauta, yana faɗin abin da ya faru ne kawai, sai mai karatu ya ji nauyin da kansa, musamman a wuraren da suka shafi uwar.

Na biyu Ganɗoki ne na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, shi ma na 1934. Farkonsa yana kan yaƙe-yaƙen da aka yi da sojojin Gwamna Lugga a wajejen Kwantagora da Bida, kuma a nan za ka ji yadda mutanen wancan lokaci suka ɗauki zuwan Turawa. Daga baya labarin ya bar tarihi ya shiga duniyar aljanu, saboda haka farkon ne naka. Yana da muhimmanci domin wannan guguwa ce ta tura dubban mutane gabas. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a Sudan. Mahajjatan da suka biyo baya sukan ratsa Borno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi ƙwadago don neman guzuri, da yawa a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, sannan su gangara Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekarun da kakanka ya yi a hanya, mai yiwuwa a irin waɗannan zango-zango suka tafi.

Na uku, wanda ya fi kusa da tambayarka, da Larabci yake: Maimuna na Mahmud Tarawuri, marubuci ɗan Makka, wanda ya ci kyautar Sharja a 2001. Labarin iyali ne da suka taso daga Afirka ta Yamma da niyyar aikin Hajji suka zauna a Hijaz, da abin da suka gamu da shi na talauci da wariya da barazanar bauta, wadda ba a haramta ta a hukumance a Saudiyya ba sai a 1962. Salonsa yana da ɗan wuya, muryoyi suna shiga cikin juna, lokaci yana gaba yana baya, saboda haka kada ka karanta shi a shago tsakanin ciniki da ciniki. Ka ba shi dare biyu ko uku.

Na huɗu shi ne Shauƙud Darwish na Hammur Ziyada ɗan Sudan, wanda ya fito a 2014 ya ci lambar Najib Mahfuz a wannan shekarar. Yana farawa ne bayan faɗuwar daular Mahadi ta Sudan a 1898, lokacin da Bakhit Mandil, tsohon bawa, ya fito daga kurkukun Omdurman yana neman ɗaukar fansar kisan Tiyodora, Bagirkiyar da ya so. Wannan ita ce ƙasar da mahajjatan farkon ƙarni na 20 suka tarar, da raunukanta ba su warke ba. A wajen ƙwarewar rubutu ya fi sauran ukun, amma ka sani cewa Ansaru, wato mabiya Mahadi, da dama a Sudan sun yi fushi da yadda ya zana Mahadiyya, suna ganin ya fifita ruwayar maƙiyanta. Marubucin labarin tarihi yana zaɓar abin da zai haska da abin da zai bari a duhu, saboda haka kada ka ɗauki hukuncinsa a kan Mahadi da magajinsa Halifa Abdullahi a matsayin hukuncin malaman tarihi.

Tun da Baba yana raye, ka riƙa karanta masa wasu shafuka na Maimuna kana fassara masa, wayarka kuma tana ɗaukar muryarsa. Ka tambaye shi sunayen garuruwan da iyayensa suka ce sun yada zango, da sana'ar da suka yi a kowanne, da wanda ya sauke su ranar da suka shigo Makka.