Amsa ga mai neman karatun kemistiri a Jamus

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin farko a kemistiri, kana son zuwa nan Jamus ka yi na biyu a kan haɗe-haɗen ƙarafa irin su kobalt da filatinam, kuma kana so in turo maka tambayoyin da malamai ke yi a ganawa don ka haddace. Ba zan turo ba. Haddar nan ita ke kayar da 'yan'uwanmu a nan, kuma abin yana ci mini rai, domin ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba, na'urori da aikin hannu muka rasa.

A takardar da ka haɗo ka rubuta cewa [Fe(CN)6]4− d2sp3 ne, [Fe(H2O)6]2+ kuma sp3d2, ka tsaya nan. Wannan bayanin Pauling ne na shekarun 1930, kuma ba ya gaya maka komai game da launi. Abin da za a tambaye ka shi ne: tunda duka biyun ilektiron shida gare su a obital (mazaunin ilektiron) ɗin d, me ya sa maganaɗisu ke jan na biyun ya bar na farkon? Ligan shida, wato ƙwayoyin da suka kewaye ƙarfen suka manne masa, suna raba obital biyar na d gida biyu, uku a ƙasa, biyu a sama. Sayanaid (CN) yana buɗe tazarar da ke tsakanin gidajen biyu har ta fi ƙarfin da ake bukata a cusa ilektiron biyu wuri ɗaya, sai duka shidan su zauna ƙasa bibbiyu. Ruwa bai kai nan ba, sai huɗu su rage ba abokin zama, kuma saboda su ne maganaɗisu ke jansa. Lissafin ƙarfin maganaɗisunsa ya ba da 4.90 a ma'aunin Bohr magneton, amma awo yakan ɗara 5, kuma dole ka san daga ina ƙarin ya fito.

Daga nan sai a matsa maka. Ka'idar Bethe ta 1929 ta ɗauki ligan a matsayin ɗigon caji kawai, to yaya CO, wanda ba shi da caji, ya fi fuloraid buɗe tazara? Ƙarfen ne ke mayar da ilektiron cikin obital ɗin CO da ke raunana haɗin kabon da oksijin. Shaidar tana cikin awon IR, wato awon girgizar haɗin da hasken infrared: CO shi kaɗai yana nunawa a 2143 cm−1, a cikin Cr(CO)6 kuwa ya sauko wajen 2000. Wanda bai iya karanta wannan ba, nan ganawarsa ke ƙarewa.

Batun aisoma, wato haɗe-haɗe masu sinadarai iri ɗaya amma jeri daban, shi ma a hannu ake koyonsa. Trans-[Co(en)2Cl2]Cl, inda en ke nufin ligan ethylenediamine kuma kuloraid biyun ke daura da juna, kore ne. Ka narkar da shi a ruwa ka ƙafar a kan tururi, ya koma cis, inda kuloraid biyun ke gefen juna, mai launin shuni-shuni. In ka bar shi ya daɗe a ruwa, ruwan zai ture kuloraid ɗaya, abin ya yi ja-ja, aikin yini ya lalace. Cis ɗin yana da siffa biyu kamar hannun dama da na hagu, trans ba shi da su. Da irin wannan ƙidayar aisoma Alfred Werner ya kafa ka'idarsa ta 1893 a Zurich, har ya samu kyautar Nobel a 1913.

Ka tsaya sosai a kan cisplatin, maganin daji da Amurka ta amince da shi a 1978 bayan binciken Barnett Rosenberg na 1965. In ka zuba amoniya kai tsaye a kan K2PtCl4, za ka samu gauraye, har da koren gishirin Magnus. Shi ya sa ake bin hanyar Dhara ta 1970. A fara sa KI mai yawa a samu [PtI4]2−, sannan amoniya, sai cis-[Pt(NH3)2I2] ya kwanta rawaya. Ayodaid ya fi kuloraid sassauta ligan ɗin da ke daura da shi, saboda haka amoniya ta biyu ke shiga gefen ta farko. Sai a sa AgNO3 ya janye ayodaid ɗin, a tace, a zuba KCl. Nan ake yawan kuskure. In azurfar AgNO3 ɗin ta wuce awo biyu ga kowane awo ɗaya na filatinam, ragowarta za ta kwanta a matsayin AgCl cikin maganinka, don haka a sa ƙasa da biyu kaɗan, kuma a rufe kwalbar daga haske. Don tabbatarwa akwai gwajin Kurnakov da tayoyuriya: cis ya ba da rawaya, trans ya ba da fari. Cis ɗin ne ke iya kama guwanin (ɗaya daga tubalan DNA) biyu da ke maƙwabtaka a kan zare ɗaya na DNA, trans kuwa siffarsa ba ta ba shi dama. Gishirin filatinam yana jawo asma da ƙaiƙayin fata, kuma a nan ko ɗigonsa ba a zubarwa a magudanar ruwa. Wanda aka kama yana sakaci da shara, ba a sake sakar masa ɗakin gwaji shi kaɗai.

Maganar biza da kuɗin zama ka bar ta tukuna. Ka ɗauki takarda ka zana mini da hannunka yadda obital ke rabuwa a [NiCl4]2− da [Ni(CN)4]2−, ka nuna dalilin da maganaɗisu ke jan na farko ya bar na biyu alhali duka d8 ne, wato ilektiron takwas a obital ɗin d. Ka ɗauki hotonsa ka turo. In ya yi daidai, zan duba maka wasiƙar neman gurbin. Ka gaishe min da su Baba.