Kwanon Mma: amsa ga Yaya a Kano

Yaya, sau uku na saurari saƙon muryarki kafin na zauna rubuta wannan. Kin ce da kika ga Mma a waya ranar Juma'a gabanki ya faɗi, wuyanta ya koma kamar sillen kara, kuma kin ji labarin wai wata maƙwabciya da ba Musulma ba ce ke kawo mata miya. Kika tambaya ko mu Hausawan Kumasi mun manta yadda ake jinyar uwa. Wallahi ban ji haushi ba. Da ni ce a nesa ina kallo, abin da zan tambaya ke nan.

Abinci bai taɓa yankewa a gidan nan ba, bakinta ne ya juya. Bayan aikin sankarar mama, sau shida aka yi mata ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gi, duk bayan mako uku. A zagaye na biyu ta ajiye cokali ta ce, "Kamar na kwana da makulli a baki." Naman da take so ya koma mata ɗaci, shayi ya zama ruwan ɗumi, ruwan sha kansa ta ce ƙarfe take ji. Wata nas ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Maganin yana bin duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa, shi ya sa gashi ke zuba. Ƙwayoyin da ke jin ɗanɗano a harshe suna cikin irin waɗannan, don duk kwana goma zuwa sha huɗu suke sabuntawa. Ga yawu ya ragu, ga gyambo a baki, ga hanci da ke mayar da ƙamshin suya abin tashin zuciya.

Yanzu ki dubi inda muke zaune. Gidanmu na Aboabo ɗaki goma sha huɗu ne a kewaye da tsakar gida ɗaya: Hausawa, Dagwambawa, Mosawa, Kotokoli, da iyali ɗaya na Asantawa. Kowa da Hausa yake magana, irin tamu ta zango da kike yi wa dariya. Ku a Kano idan ciwo ya zo, dangi ne ke cika gida. Mu danginmu an raba su tun korar baƙi daga Ghana ta 1969 a zamanin Firaminista Busiya, lokacin da babanki ya kwashe ku ya koma, babanmu ya zauna a kan cinikin goron da kakanmu ya bari. Tun daga nan maƙwabci ya gaji gurbin ɗan'uwa. A zango ba a zuwa dubiya hannu rabbana, da kwano ake zuwa. Kuma kwano ya koma a cike abin kunya ne, kamar kin ce wa mai shi ba ki yarda da hannunta ba.

Nan ne na yi kuskure, kuma har yau yana ci mini rai. Kwanuka biyar, shida a rana: shinkafa da wake irin namu, mai jan karan dafi, da shito, baƙin yajinmu mai mai, a kai, farfesun kan saniya, tuwo da miyar gyaɗa mai mai. Ni kuwa na tsaya a kanta, "Mma, daure ki ƙara loma ɗaya, kar mai kwano ta ji babu daɗi." Wata rana ta daure ɗin, ta ci, ta mayar da shi duka a kan tabarma. Ta dube ni da hawaye ta ce, "Ciwon ya ishe ni, kada ke ma ki zame mini wani." Ban runtsa ba a daren.

Washegari na sami tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Magajiya. Ita ta bi ɗaki-ɗaki ta gaya musu abin da nas ta faɗa, har ta kashe ƙananan maganganun da suka fara tashi, wai an sa mata hannu, wai ta fid da rai. Aka yi sabon tsari: za a karɓi kwano da godiya, yara su ci, a wanke a mayar da shi da ɗan sukari ko sabulu a ciki kamar yadda aka saba. Masu suya suka janye kurfotinsu na gawayi daga bakin tagarta zuwa wajen zaure. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Maƙwabciyar da kika ji labarinta kuwa, shekara ashirin ke nan ɗakinta na kallon na Mma. Tana yin miyarsu ta ruwa-ruwa da suke kira nkrakra: tumatir, yalo, albasa, ɗanyen kifi, babu mai, babu daddawa. Wata rana Mma ta ji ƙamshin ta ce a sam mata. Ta sha rabin kofi, shi ne abu na farko da ya zauna mata a ciki cikin kwana uku. Matar nan da kanta ta ce a ba ta tukunyarmu ta riƙa dafawa a ciki, kuma kifi kawai za ta sa, don ta san abin da zuciyar Musulmi ke ƙyanƙyami. Barkono ma ta cire. Yaya, ki gaya mini da wane baki zan ce mata a'a.

Daga nan muka koyi bin harshenta maimakon mu ja shi. Kokonmu na nan ba irin naku ba ne, da citta da kanumfari da barkono ake niƙa geron, yana da yaji sosai. Da bakinta ya yi gyambo sai mai kokon layinmu ta riƙa jiƙa mana gero daban, ba kayan yaji. Abu mai sanyi ya fi shiga, don ba ya tururin da zai daki hanci, shi ya sa muke dama mata dokunu, wato dafaffen ƙullin masara, da madara mu sa a firji. Tuwon zafi mai laushi da miyar ayoyo, wato lalo, shi ma yana wucewa, yauƙin yana taimakon busasshen maƙogwaro. Cokalin ƙarfe muka ajiye, sai na roba ko hannu. Ba ma jiran lokacin cin abinci, ɗan kaɗan ne a ƙaramin faranti duk bayan awa biyu, don babban kwano kallonsa kaɗai yana ƙosar da ita. Kafin ta ci tana kuskure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri da sodar da ake sa wa kek, yadda aka koya mana a asibiti.

Kin ce me ya hana mu ba ta fura da nono. Akwai su a nan, har da burkina, wato gero da nono mai sanyi da ake sayarwa a kowane lungu. Amma daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kowane kemo garkuwar jiki tana faɗuwa ƙasa, nonon da ba a tafasa ba yana iya kwantar da mutum. An ma gargaɗe mu, idan zafin jiki ya kai digiri 38 kada mu jira gari ya waye. Furar muna damawa, amma da madarar da muka tafasa da hannunmu. Jiƙon buɗe ciki da kika ce za ki aiko, don Allah ki dakata. Masu magani cike suke a kasuwar Asawase, mu ne muka ƙi, saboda akwai saiwoyin da ke karo da maganin asibiti, kuma ba ma ba ta komai sai likita ya gani. Addu'a kuwa ba a fasa ba, kullum bayan Asuba limamin masallacinmu yana sa ta. Shi ne ma ya zo har ɗaki ya hana ta azumi da ta nace, ya karanta mata ayar rangwame ga mara lafiya a cikin Baƙara.

Yau wata biyu da kemo na ƙarshe. Likita ya ce ɗanɗano yakan dawo a hankali, cikin makonni ko 'yan watanni. Waɗanda aka yi wa gashin sankara da na'ura a wuya ko a kai su ne suka fi daɗewa, don gashin yana taɓa inda yawu ke fitowa, wasu ma ba ya dawo musu duka. Mma ba ta cikinsu. Zaƙi ya fara dawo mata, jan nama har yanzu ba ta so, sai kifi da ƙwai da ƙosai. Ramar da kika gani ta watannin baya ce, ba ta cike ba tukuna, amma sikelin asibiti ya daina sauka.

Shekaranjiya na yi miyar kuka. Ta kai loma biyu ta ɗago kai ta ce, "Wa ya yi miyar nan? Daddawa ba ta ji ba." Na fita tsakar gida ina kuka, har Magajiya ta taso a firgice tana tambayar lafiya. Idan direban goro zai taso daga Kano, ki ba shi daddawar kalwa da kukar da kika daka da kanki. Ta ce irin ta gidan babanki take marmari.