Hukuncin Haɗa Kifin Faifai da Kifin Bakan Gizo a Akwatin Gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi. Ina da akwatin gilashi a falo, tsawonsa mita 1, da kifayen bakan gizo guda 8 a ciki. Da na je Legas na ga wani kifi shimfiɗaɗɗe kamar faifai, mai doguwar wutsiya, aka ce mini na ruwan daɗi ne. Ina so in sayo in haɗa su. Wani abokina ya ce tsare kifi don kallo zalunci ne, kuma abu mai dafi bai halatta a saya ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Alhaji, Allah Ya saka da alheri da ka tambaya tun kuɗi bai fita ba.

Ajiye kifi don sha'awa halal ne. A Suratun Nahl, aya ta 8, Allah Ya ce Ya halicci dawaki da alfadarai da jakuna don a hau su kuma don ado, ka ga jin daɗin kallon dabba amfani ne da shari'a ta san da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai hana ba, da tsuntsun ya mutu ma sai ya lallashe shi yana tambayarsa labarinsa. Daga nan malamai suka fitar da halaccin tsare tsuntsu muddin ana ci da shi, kuma kifi ya bi sahu. Dafin ma ba ya ɓata ciniki. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ake nema ga abin sayarwa shi ne ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda za a iya miƙa wa mai saye. Dabbar ruwa duk mai tsarki ce, har mushenta.

Sai dai maganar abokinka ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. A cikin Buhari da Muslim akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nemi na kanta ba. Sheikh Halil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya ƙi a sayar da ita. To ita kyanwa abinci da ruwa kawai aka hana ta. Kifin da ke cikin gilashi, numfashinsa ma a hannunka yake. Kai ne koginsa.

Mu dubi kifayen. Kifin faifai, dangin da masana ke kira Potamotrygon, asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, musamman yankin Amazon. Wanda aka nuna maka mai yiwuwa bai wuce tafin hannu biyu ba, amma irin da aka fi sayarwa, motoro, faɗinsa kan kusanci rabin mita ban da wutsiya. A ƙasa yake rayuwa, yana binne jikinsa cikin yashi mai laushi, don haka faɗin gindin akwati ya fi masa muhimmanci a kan zurfinsa. Babba yana buƙatar gindin da bai gaza mita 2 a tsawo ba, da ruwan da ya tasam ma lita 1,000. Akwatinka na mita 1 kamar a ɗaure ingarma ne a akurkin kaji. Bakan gizo kuwa daga Ostireliya da tsibirin Niyu Gini suke, garke suke yawo a tsakiyar ruwa da samansa. Masu kiwo kan haɗa su, tunda kowa da hawan da yake zama, kuma zafin ruwan da ya dace da su ɗaya ne, wajen digiri 25 zuwa 28. Amma kifin faifai mafarauci ne. Yakan rufe abin da ya kama da jikinsa kamar an kifa ƙwarya, galibi da dare lokacin da ƙanana suka sauka hutawa. Manyan bakan gizo irin boesemani, masu kai santimita 10, sukan tsira a wuri mai yalwa. Ƙanana masu santimita 5 kuwa tuwon dare ne.

A kogi, kifi ya ci kifi ba laifin kowa ba ne, ƙaramin yana da inda zai gudu. A cikin gilashi kai ka toshe masa hanyar gudu, ka kwantar da shi kusa da mai cinsa don ka ƙawata falo. Wannan cutarwa ce ba tare da buƙata ba, ga kuma tozartar da dukiya, wanda hadisin Mugira ɗan Shu'uba ya nuna Allah Yana ƙi. Ga shi kuwa abincin kifin faifai bai gagara ba: tana, jatan lande, yankakken kifi.

Abin da ya fi damuna ma garinmu ne. Kowa ya san Afrilu da Mayu a Maraɗi, zafi kan haura digiri 40, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take. Kifin faifai mai yawan ci ne mai yawan kashi, ƙazanta kaɗan ke kwantar da shi. In wuta ta ɗauke da tsakar rana, matacin ruwa da na'urar iska suka tsaya kana kasuwa, wa zai tada inji? In hunturu ya zo ka sa abin ɗumama ruwa, sai an yi masa kariya, in ba haka ba ya kwanta a kai ya ƙone. Ruwan famfo ma sai an kashe sinadarin kulorin da ke ciki kafin a zuba.

Sai ƙayar kifin faifai. Tana kan wutsiya, ga zarto ga dafi, kuma yakan zubar da tsohuwa cikin yashi wata ta tsiro. Ba ya farauta da ita, kare kansa yake yi, amma yaro bai san wannan ba. Annabi ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito, saboda haka murfi mai kulle wajibi ne a gidan da ke da yara. Yanke masa wutsiya don a huta da fargaba haramun ne, naƙasa dabba ce. Wanda ƙayar ta soka ya tsoma wurin a ruwa mai zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, a kai shi likita.

Hukuncinka ke nan, Alhaji: a wannan akwati bai halatta ka haɗa su ba, kai, ko shi kaɗai bai halatta ka zaunar da shi a ciki ba. In ka tanadi babban akwati, da batir ko hasken rana da zai riƙe na'urori in wuta ta tafi, da ɗaki mai sanyi, kuma bakan gizonka manya ne da ba za su shige masa baki ba, to ya halatta, da sharaɗin ka raba su ranar da ka ga ɗaya ya ɓata. In da ni ne, zan ƙara wa takwas ɗin nan fili su fitar da launinsu, in bar mai faifai a Legas.

Wallahu a'alamu.