Ruwan kaka da ambaliya: amsoshin saƙonninku na wannan makon

Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk magana ɗaya ce, ruwa ya ƙi ɗaukewa ga kaka ta kama, wasu kogi ya hau musu gona wasu kuma amfanin da suka riga suka cire ne yake jiƙewa a hannunsu. Na haɗa masu kama da juna, wanda bai ga nasa ba ya duba da kyau amsarsa tana cikin ta wani.

Wani manomi daga Auyo a Jigawa ya ce shinkafarsa FARO 44 ce, kwana huɗu ke nan ruwa ya shanye ta ko ganye ba a gani, ba ta kai ga yin ciki ba. Ya sayi maganin feshi ne ko ya haƙura?

Malam kada ka sayi komai tukuna. Shinkafar da ba ta yi ciki ba tana iya jure 'yan kwanaki a ƙarƙashin ruwa, amma in abin ya doshi mako guda, musamman in ruwan mai laka ne da rana ba ta ratsa shi, toh sai addu'a. Da ruwan ya ja ka shiga ka tuge gindi biyar ko goma daga wurare daban-daban, in ka ga cikin gindin fari ne da tauri za ta farfaɗo, in ya yi laushi yana wari wannan ta tafi. Wadda ta rayu ka watsa mata ruwa ka wanke lakar da ke kan ganye, ka bar ta kamar mako guda sai ta fara fitar da sabon ganye sannan ka ba ta yuriya kaɗan. Baɗi kuma dan Allah ka nemi FARO 66 ko FARO 67, tun 2017 aka fitar da su musamman don irin fadamarku, suna iya kai mako biyu a nutse su tashi in dai ba su fara fitar da kai ba. Kuma ku mutanen Auyo da Miga da Kafin Hausa kun fi kowa sanin cewa ba ruwan dam ɗin Tiga da na Challawa kaɗai ke cin ku ba, kachala da ta toshe hanyoyin ruwa tana da nata kason, a yi gayya tun da rani a sare ta.

Daga kusa da Numan a Adamawa wani ya ce ana ta raɗe-raɗin za a saki ruwan dam ɗin Lagdo da ke Kamaru, masararsa tana bakin Binuwai ta yi ƙwari amma ba ta bushe ba, kuma su wajensu kwana biyu ko yayyafi ba a yi ba.

Cire ta. Rashin ruwan sama a garinku ba hujja ba ce, ruwan da zai ci gonarka a Kamaru ya sauka, rana tana ƙwallewa zai iso maka. Haka aka yi a 2012, haka aka sake yi a 2022 da mutum sama da 600 suka rasu a faɗin Najeriya sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, tun daga Adamawa har Makurɗi da Lokoja har Bayelsa. Mutanen Maiduguri ma cikin dare ruwan dam ɗin Alau ya same su a Satumbar 2024. Ka ɓanɓaro ƙwaya daga tsakiyar masarar ka duba gindinta, in akwai ɗan baƙin ɗigo a wurin ta gama nuna, bushewa kawai ta rage kuma wannan a tudu ma za ta yi. Ka riƙa bin sanarwar hukumar lura da ruwan koguna NIHSA da ta hasashen yanayi NiMet a rediyo, in suka ce a tashi ka tashi da iyali da dabbobi da injin ban-ruwa.

Mutum uku sun tambayi ko su ƙara yuriya saboda masara ta yi ɗorawa a inda ruwa ya kwanta. A'a! Duk shekara sai na faɗi wannan. Saiwar ce ta rasa iska, ba yunwa take ji ba, kuma takin da ka zuba cikin ruwa binsa zai yi ya tafi da kuɗinka. Ɗauki fartanya ka fasa bakin kunya ruwan ya fita.

Sai saƙon wata baiwar Allah daga Bichi, wadda ta ce sun cire gyaɗa suka tara ta tsibi guda a gona, ruwa ya dake ta kwana biyu, da suka buɗe sai ga zafi a ciki da funfuna kore-kore a jikin ɓawo. Mai shagon magani ya ba ta wata kwalba mai tsada ya ce ta fesa a kai ta zuba a buhu.

Hajiya ki mayar masa da kwalbarsa ki karɓi kuɗinki ki sayi tampol. Wannan maganar ita ce ta fi ci min rai a duk harkar kaka, don asarar da ruwan ƙarshen damina yake mana da yawa daga cikinta ba a gona take faruwa ba, bayan an cire amfanin ne, a tsakar gida da bakin titi da cikin rumbu. Ambaliya kowa yana ganinta ana ɗauka a waya ana jajantawa, amma buhun da ya ruɓe a ɗaki ba mai ƙirga shi. Wannan funfunar da kika gani tana iya barin guba a cikin ƙwayar, sunanta aflatoxin, ba ta da wari ba ta da ɗanɗanon da za ki gane, suya ba ta kashe ta tafasa ba ta kashe ta, kuma babu wani feshi da zai cire ta in ta riga ta shiga. Hanta take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, tana hana yara girma yadda ya kamata, in ta yi yawa kuma nan take take kisa, a Kenya a 2004 mutum 125 ta kashe ta hanyar masarar da aka ajiye da danshi. Mu kuma me muke yi? A tsince mai kyau a kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar a ce ai ta gida ce, a yi ƙuli-ƙuli da ita ko kunun gyaɗa a ba yara, ko a watsa wa kaji da saniya, alhali saniyar ma tana fitar da gubar a nononta. Haba jama'a.

Abin yi ba wuya gare shi ba aiki ne kawai. Ki wargaza tsibin nan yau ɗin nan, a baza gyaɗar a kife ta 'ya'yan suna kallon sama iska na ratsa su, in hadari ya taso a rufe in ya wuce a buɗe, kada a bar ta a rufe cikin leda ta kwana tana gumi. Bayan an tsinke a shanya a kan tampol ko tabarma ko daɓen siminti, ban da ƙasa tsura, don a ƙasar funfunar take zaune. A tsince duk wadda ta canza launi ko ta yamutse ko ɓawonta ya fashe, a ƙone ko a binne, kada a ba mutum kada a ba dabba. Gyaɗa ta bushe in kin girgiza ta kin ji tana kaɗawa a cikin ɓawo. Masu masara ku ma da ku nake, in ruwa ya hana ku girbi ku karya karan a ƙasan goyon ta yadda bakin masarar zai kalli ƙasa ruwa ba zai shiga ba, kuma bayan sussuka ku yi gwajin gishiri, a samu busasshiyar kwalba a zuba ƙwaya da busasshen gishiri a girgiza a bari ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalbar da sauran danshi a koma shanya. Ana son danshin masara ya sauko wajen kashi 13 cikin 100 kafin a ɗaure buhu. Ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, da nake yaba shi kullum, in ka zuba masa jiƙaƙƙen hatsi ruɓa maka shi zai yi. Kuma buhu a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Akwai wani magani Aflasafe na cibiyar binciken noma ta IITA da ke rage wannan gubar sosai, amma shi a gona ake watsa shi mako biyu zuwa uku kafin fure, kilo 10 a hekta, wannan sai baɗi, kada wani ya sayar miki da shi yanzu.

Daga Legas wani ɗan'uwanmu mai lambu a wajen Badagry ya ce ruwan sama ya haɗu da hawan teku ruwan ya shigo masa, alayyahu da latas duk bakin ganyen ya ƙone.

Ku can kuna da damina ta biyu a Satumba da Oktoba, in ta haɗu da hawan teku magudanan ba su da inda za su zubar sai su dawo baya. Ƙonewar bakin ganyen nan alama ce ta gishiri. Kada ka zuba takin zamani yanzu, ƙara wa ƙasar gishiri za ka yi, ka buɗe hanyar ruwa ka bar ruwan sama ya wanke ta ko ka kwarara mata ruwan rijiya mai daɗi sau da yawa, sannan ka ɗaga kwamin ya yi tudu ka sa takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Latas ɗin kuma tunda ɗanye ake ci kuma ruwan ya biyo ta kwata da masai, ka ji tsoron Allah kada ka kai shi kasuwa, ta haka kwalara ke yawo bayan ambaliya. 'Yan'uwanmu da ke wajen Kara da Isheri su ma su sa kunne kan sakin ruwan dam ɗin Oyan, a irin wannan lokacin kogin Ogun yake cika.

Wani ya ce wakensa ya sha ruwa, ya zuba masa maganin ƙwari Sniper kafin ajiya? Kada ka kuskura, guba ce ga mai ci, irin sinadarin nan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma ba abin da yake yi wa danshi. Shanya shi.

Mai tumaki daga Argungu da ke tambayar yadda zai yi da su a wannan ruwan, ka fitar da su daga laka ka kai su busasshen wuri saboda ruɓewar kofato, kada su yi kiwo a fadamar da ruwa ya ja saboda ciwon hanta, harawar da ta yi funfuna kuma a zubar. In ka ga wata tana ɗingishi ko ƙasan haɓarta ya kumbura ka kira malamin dabbobi.