Tambayi Likita: 'Yar Ƙwayar da ke Ƙarƙashin Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 36, muna zaune a Misfala cikin garin Makka. Shekara bakwai da suka wuce na haifi ɗana na biyar a gida, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle mini har na suma, sai da aka ƙara mini leda huɗu a asibiti. A wannan jegon ruwan nono bai zo ba ko ɗigo, da madarar gwangwani aka raini yaron, kuma har yau ban sake ganin al'adata ba. Kullum a gajiye nake, ina jin sanyi ko da tsakar bazara, gashin hammatana ya zube, idan na miƙe tsaye jiri ya ɗebe ni. An auna mini TSH an ce lafiya lau, 'yan'uwa kuma suna cewa sammu ne. Mene ne yake damuna, kuma ya halatta in ci gaba da azumi a haka? Daga Hajiya Z., Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya raya yaro. Ba a yanke hukuncin ciwo ta wasiƙa, amma yadda labarinki ya jeru, daga ɓallewar jini zuwa ƙafewar nono zuwa ɗaukewar al'ada, ya sa dole a fara tuhumar wata 'yar ƙwaya da ake kira fituwitari, wadda a asibitocin nan za ki ji ana ce mata gudda nukhamiyya. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kimanin rabin giram, tana zaune cikin wani ɗan gurbin ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci. Duk ƙanƙantarta, ita ce uwar gidan homon a jiki, wato sinadaran da ke kai saƙo ga gaɓoɓi ta cikin jini: ita take umartar tayirod ta wuya, da 'yan tsokar da ke bisa ƙoda masu fitar da kotizol, homon da ke riƙe sukari da bugun jini kada su faɗi, da ƙwan mace, kuma ita take fitar da furolaktin mai kawo ruwan nono.

A lokacin goyon ciki wannan ƙwaya tana kumbura har ta kusa ninka girmanta, buƙatarta ta jini kuma ta ƙaru. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har bugunsa ya faɗi warwas, jinin da ke isa gare ta yakan yanke, wani sashe nata ya mutu. Wani likitan Ingila mai suna Harold Sheehan ne ya yi bayanin wannan lalura a 1937, shi ya sa take ɗauke da sunansa. A ƙasashen da ake haihuwa a asibiti ta yi ƙaranci ƙwarai, amma a wurinmu, inda haihuwar gida ba ta gushe ba, tana nan, kuma mace takan yi shekaru tana fama kafin a gano, domin kowace alama ana iya jingina ta ga wahalar raino ko ƙarancin jini.

Batun TSH da aka ce lafiya lau, a nan ake yawan tuntuɓe. TSH saƙo ne da fituwitari take aika wa tayirod. Idan tayirod ce ta gaza, adadinsa yakan hau sama, kamar uwar gida da ke ta ɗaga murya ga 'yar aikin da ta ƙi motsi. Idan kuwa mai aiken ce da kanta ta kwanta, adadin yakan tsaya a tsakiya ko ya yi ƙasa, takarda ta fito ba jan layi alhali jiki yana cikin yunwar homon. Saboda haka ki nemi a tura ki wurin likitan gudad samma, wato ƙwararren homon, ki ba shi labarin haihuwar nan tun daga farko ko bai tambaya ba. Zai sa a auna T4, wato homon ɗin da tayirod take fitarwa, da kotizol a jinin da aka ɗiba wajen ƙarfe takwas na safe, da LH da FSH masu umartar ƙwan mace, da furolaktin da gishirin sodiyam, sannan a ɗauki hoton MRI, wanda a irin wannan lalura yakan nuna gurbin ƙashin kamar wayam.

Idan zaton ya tabbata, magani shi ne mayar wa jiki abin da ya rasa, kuma jeri yana da muhimmanci. Ana fara haidirokotizon, wato madadin kotizol, galibi miligiram 15 zuwa 25 a yini, a raba biyu ko uku, kaso mafi girma da sassafe. Sai bayan haka a shigo da libotairoksin, domin ba da maganin tayirod ga jikin da ba shi da kotizol yana iya jefa mutum cikin suma mai hatsari. Kada ki yarda wani ya sayo miki ƙwayar tayirod a kemis don ya ji kin ce kina jin sanyi. Akwai kuma homon na mata da ke kare ƙashi, kuma wadda take son ƙarin haihuwa ana iya taimaka mata da allurai. Maganin na har abada ne. Ranar da zazzaɓi ya kama ki za a ninka haidirokotizon, idan kuma amai ya hana shi zama a ciki, allura ce ta miligiram 100 ba tare da jira ba, a kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar ta lamba 997. Ruƙiyya da addu'a ba su hana ko ɗaya daga cikin wannan ba, sai dai ba na son kalmar sammu ta ƙara cinye miki wata shekarar.

Game da azumi, shawarata ki dakata har a gama gwaji, domin jikin da ke da ƙarancin kotizol sukarinsa da bugun jininsa suna iya faɗuwa da rana, balle a zafin Makka da kan haura digiri 45. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame, malaminki kuma zai yi miki bayanin ramuwa ko ciyarwa. Bayan magani ya daidaita, wasu suna iya azumi idan likita ya sauya musu tsarin shan ƙwaya, amma wannan magana ce da ake yi tun a Rajab ko Sha'aban.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni direba ne a Jidda, shekaruna 44. Takalmina ya tashi daga lamba 42 zuwa 45, zoben azurfata sai da maƙeri ya yanke shi, hulunana duk sun matse. Ina da ciwon kai da minshari da ciwon sukari, kuma sau biyu ina goga gefen mota ban ga abin da na goga ba. An yi hoto an ce akwai ƙari mai milimita 18 a kaina. Kansa ce? Kuma fasa kai za a yi? Daga Malam I., Jidda.

Amsa: Barka kadai, Malam. Ka kwantar da hankalinka ta fuska ɗaya: ƙarin fituwitari kusan dukkansa ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi. Abin da ka siffanta ya yi kama da akromegali, wanda likitan Faransa Pierre Marie ya raɗa wa suna a 1886, inda ƙarin ke fitar da homon ɗin girma bayan mutum ya gama tsawo, sai hannu da ƙafa da haɓa da harshe su riƙa kauri a hankali. Iyalin gida ba sa lura don kullum suna tare da kai. Ka ɗauko hoton tsohuwar iƙamarka, wato katinka na zama, ka ajiye kusa da na yanzu, za ka ga abin da nake nufi, kuma ka tafi wa likita da su duka biyun. Ana tabbatarwa da gwajin jini mai suna IGF-1, sannan a ba ka ruwan sukari giram 75 a duba ko homon ɗin zai sauka, domin a jikin mai lafiya sauka yake yi.

Gogar motar ce ta fi tayar mini da hankali. Jijiyoyin gani biyu suna gittawa daidai saman fituwitari, kuma ƙarin da ya kai milimita 10 ana lissafa shi babba. Idan ya danna su, ganin gefen waje na idanu biyu ne yake fara tafiya, mutum yana karanta allo sarai amma bai ga wanda ke tahowa ta gefensa ba. Na san tuƙi ne abincinka, duk da haka ka ajiye makulli har likitan ido ya auna faɗin ganinka.

Ba a cika fasa kai ba. Ta ƙofar hanci ake bi da siririyar kyamara a ciro ƙarin, ana kuma yin aikin a manyan cibiyoyi irin su Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad da Jidda. Ka tambayi likitan fiɗa sau nawa yake yin irinsa a shekara, domin a wannan aiki sabon hannu yana tasiri sosai. Babban ƙari ba kullum yake fita duka ba, saboda haka wasu sukan ci gaba da allurar wata-wata ta oktiriyotayid ko lanriyotayid, wasu a haɗa musu da ƙwayar kabagolin ko a gasa ƙarin da haske. Kumburin nama da gumi da sukari sukan yi sauƙi, gani ma yakan gyaru idan ba a makara ba, amma ƙashin da ya riga ya faɗaɗa ba ya komawa, takalmi mai lamba 42 sai dai ka bayar. A duba maka zuciya da hanji da numfashin barci.

Bayan aiki, idan ka ga ƙishirwa da fitsari sun yi yawa fiye da kima, ko wani ruwa garai yana ɗiga ta hanci, ka sanar da su nan take. Za a hana ka fyace majina da ɗaukar kaya masu nauyi na 'yan makonni, kuma likitoci da yawa suna hana sunkuyar da kai a wannan lokaci, don haka ka tambayi naka tun kafin a sallame ka yaushe za ka koma yin sujada a ƙasa. Kafin nan, sallah a zaune da ishara ta wadatar.